Ƙananan Taragun Yaya Iliya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Iliya. A irin wannan watan ne, damina ta yi tsakiya, muka kai shi makwancinsa, ana ta yayyafi har muka dawo gida. Yawancin mutanen Bauchi da suka san shi, sun san shi ne da aikin haɗa haƙoran roba a asibiti, kuma har yau akwai tsofaffi a garin nan da suke tauna nama da aikin hannunsa. Amma ba wannan Iliyan nake so in tuna a shafin nan ba. Wanda nake nufi shi ne mutumin da in ya taso aiki yakan zauna a bakin taga da ɗan siririn buroshi, yana shafa wa taragon jirgin ƙasa fenti, taragon da bai fi tsawon tafin hannu ba.

Sunana Rifkatu, ni ce autar gidanmu, shi kuwa Auta kawai yake ce mini. Iyayenmu daga kudancin jihar nan suka zo. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, aikinsa bin taragu da guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu, yana sauraron amon ƙarfen don ya gane wadda ta tsage. A kwatas ɗin reluwe aka haife mu, zamanin da in jirgi ya shigo har cikin gari ake jin kukansa. Mu uku ne. Tsakanina da Yaya akwai Saratu, wadda ban taɓa gani ba.

Labarinta a gutsure na same shi, don ba a zama a yi shi a gidanmu. Yaya yana ɗan shekara tara, ita tana da biyar. Wata Asabar da hantsi suna wasan ɓuya da yaran kwatas a filin da ake jera taragun kaya. Shi ne mai nema. Ya kifa fuskarsa a jikin darbejiya ya ce, "In zo?" Ya ji muryarta daga can wajen taragu ta ce, "Tukuna!" Sai ya jira. Yana nan fuska a kife ya ji ƙarafa suna karo da juna, irin ƙarar da ake ji in ana haɗa taragu da kan jirgi, wadda yaran kwatas suka saba da ita har ba sa waiwayawa. Da ya buɗe ido ya tsinto sauran yaran ɗaya bayan ɗaya. Saratu ce bai gani ba. Jirgin kayan kuwa ya riga ya fita ya nufi gabas.

An buga waya tashoshin gaba, an ce an buɗe taragun a Gombe an duba. Baba da abokan aikinsa sun bi layin dogo da ƙafa, suna leƙa ciyayi da ƙarƙashin gadoji. Ko takalminta ba a gani ba. Babu ma wanda zai iya rantsewa cewa tarago ta shiga. Ba a yi mata jana'iza ba, domin Mama ta ce ba za ta zauna makokin yarinyar da ba a nuna mata gawarta ba. Bayan shekara biyu aka haife ni.

Yaya ya girma, ya yi karatu, ya kama aiki, ya yi aure. Matarsa ta riga shi tafiya, 'yarsu ɗaya kuma ta yi aure a Jos, shi ya sa a shekarunsa na ƙarshe ni ce mai yawan leƙa shi a gidansa na Yelwa. Harkar taragun kuwa ta samo asali ne daga shagon wani ɗan kasuwa Ibo, Oga Chidi, mai sayar da kayan gwanjo a Kasuwar Muda Lawal: tsofaffin agoguna, kayan wasan yara, da duk tarkacen da ke zuwa daga Turai. Yaya ya je neman fitilar tebur, sai ya hango wani kwali mai hoton tarago.

"Oga Iliya, wannan ba shi amfani," in ji Chidi. "Yara ya buɗe, duka ya fashe a ciki. Ka ɗauka kawai."

Ashe ba fashewa ya yi ba. Gutsattsarin roba ne masu launin toka, a manne da juna kamar ƙashin kifi, mutum ne zai yanko su ɗaya-ɗaya ya haɗa. Tun daga ranar, duk kwalin da ya zo irin wannan sai Chidi ya ɓoye masa a ƙarƙashin kanta.

Na sha zama ina kallonsa yana aikin. Yakan yanko bangon tarago da reza, ya goge bakinsa da sanfefa mai laushi, ya gwada haɗa su a bushe kafin ya taɓa gam. Gam ɗin ma da tsinken sakace yake ɗiga shi. Ƙafafun, waɗanda ba su kai maɓallin riga ba, da hantsaki yake ɗaukarsu. In ya ɗaura su sai ya tura taragon a kan tebur ya karkata kai yana saurare, sak Baba. Sannan ya shafa farin fenti na shimfiɗa ya bar shi ya sha iska, ya bi shi da launi, siriri-siriri, shafi bayan shafi. Bai taɓa bin launin da ke jikin kwali ba. Taragun Turawa ne, fes da su, da rubutun ƙasarsu. Shi kuwa sai ya kankare rubutun ya mai da su namu. Ya daka jar ƙasa ya tankaɗe ta da ƙyalle ya gauraya a fenti. Ya ja tsatsa daga kan kowace ƙusa ta gangaro, yadda ruwan sama yake jan ta. Ya ɗiga baƙin mai a ƙafafu. In ya gama, sai ka rantse taragon ya yi shekara da shekaru a rana.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai da farko. A yawancin kwalayen, ƙofar taragon zane ce kawai a jikin bango, ba ta buɗuwa. Yaya sai ya ɗauko ɗan injin da yake sassaƙa haƙora da shi, ya yanke ƙofar a hankali, ya yi mata hanyar zamewa, ya mayar da ita a buɗe. Wannan kaɗai yakan cinye masa yammaci da yawa. Wata rana na ce, "Yaya, wannan wahalar fa? Ka bar ta yadda masu ita suka yi ta mana."

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ba na rufe tarago, Auta."

Mama, lokacin tana da rai, ba ta taɓa ce masa uffan a kai ba. Amma duk ranar da ta zo gidan, kafin ta zauna sai ta cire mayafinta ta lulluɓe kantar da ya jera su. In za ta tafi ta ɗauke abinta, ba ta kallon wajen.

Na daɗe kafin in gane cewa ba tara taragu yake yi ba, guda ɗaya yake nema. Ya ce ranar nan, kafin ya kifa fuska, idonsa ya sauka a kan jerin taragun, kuma akwai ɗaya da ƙofarsa take a ɗan buɗe. Launinsa ya zauna masa a kai, amma ya kasa fito da shi. "Ba ja ba ne, ba ruwan ƙasa ba ne," in ji shi. "Kamar zoɓon da ya bushe a gindin kwano." Bakin tagarsa cike yake da murafun kwalba, kowanne da launin da ya haɗa ya ƙi. Duk taragon da ya gama, sai ya ajiye shi inda hasken hantsi yake faɗowa, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya rufe ido, ya buɗe farat ɗaya. Sai ya girgiza kai, ya ɗauke shi ya ɗora a kanta.

Abin ya fara ba ni tsoro. Ya rame, ya rage zuwa coci, abincin da na kai masa sai in tarar da shi a rufe. Har na yi niyyar kai maganar wurin fasto, na fasa, na tare shi da kaina. Na ce, "Yaya, a ce ma ka gano launin, me zai canza?" Ya wanke buroshinsa, ya matse shi da tsumma, sannan ya ce, "Zan san inda zan tsaya in yi kira."

A makon jiya na bi ta tsohuwar tashar a keke napep. Ciyawa ta rufe dogo, awaki suna kwance a inuwar taragun da suka rage, wata bishiya ma ta fasa ƙasan ɗaya ta fito ta rufinsa. Yaron da ke jan mu bai taɓa ganin jirgi yana tafiya a Bauchi ba, haka ya ce mini. Na tambayi kaina abin da Yaya zai ce. Ina jin ba zai yi dogon ƙorafi ba. Zai sauka ne ya tsuguna ya duba yadda tsatsa ta ci ƙarfen, ya ce ashe ta wannan gefen take farawa.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, wata Lahadi bayan an taso sujada, ya kira ni a waya ya ce, "Auta, zo ki gani." Na tarar da sabon tarago a bakin taga. Ni dai ban ga wani babban bambanci da sauran ba, sai launin da ya ɗan fi duhu, da katako ɗaya a ƙasan bango da ya bari ba fenti kamar an sauya shi, da wata alamar farin alli a gefen ƙofa, da'ira da layi ya ratsa ta. Na ce ina ya samo alamar. Ya ce shi ma bai sani ba, hannunsa ne ya yi ta, sai da ya gama ya ga ashe ya santa.

Ya ce mu kai wa Malam Garba. Shi abokin Baba ne, shi ne mai haɗa taragu a zamaninsu, da ya bar aiki ya koma Miri yana noma. Muka same shi a rumfar ƙofar gida, ya tsufa ƙwarai. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen gida, an yi wa Baba da Mama addu'a, Yaya ya kwance hankici ya miƙa masa taragon. Tsohon ya kai shi dab da ido, ya juya shi, ya sa farce ya tura ƙofar ta zame. Sannan ya ɗago ya dubi Yaya.

"Iliya, wa ya nuna maka wannan?"

"Babu kowa, Baba."

"Wannan allin nawa ne," in ji shi. "Haka nake yi wa taragon da ƙofarsa ba ta kamawa, don a san da gyara."

Ya ce gyaɗa irin waɗannan suke ɗauka. Ya ce wannan mai sauyayyen katako ya tuna shi, domin daga baya ya sauka daga kan dogo a gaba da Inkil, aka ture shi gefe don a buɗe hanya, ba a sake bi ta kansa ba. Yaya ya tambaye shi ko an duba cikinsa a Gombe ranar da abin ya faru. Ya ce, "Ɗana, ni a nan na tsaya. An ce an duba duka, abin da na sani ke nan."

Asabar ta gaba muka tafi, Malam Garba ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Mota ta ajiye mu a Inkil muka taka, muka wuce sababbin gine-gine da tulin bulo, muka shiga gonaki. Dawa ta fi mu tsawo, ba a ganin komai sai 'yar siririyar hanya. Can muka iske shi, a karkace a gefen wata gona. Katakon yawanci ya ruɓe, rana ta cinye fentin tas, sai dai a ƙarƙashin leɓen rufi, inda ruwa ba ya kaiwa, akwai sauran wani ɗan wuri. Yaya ya ɗaga ƙaramin ya kara da babban. Launi ɗaya ne, ko ni da ban iya fenti ba na gani. Ƙofar tana ɗan buɗe, tsatsa ta kafe ta a haka. Muka leƙa. Karan dawa ne a ciki, da kashin awaki, da gidan rina a kusurwa, da zafi mai warin tsohon ƙarfe. Ban da wannan babu komai.

Na ɗauka shi ke nan za mu juya. Sai Yaya ya miƙa mini ƙaramin taragon, ya taka zuwa wata ɗorawa da ke gefen gonar, ya kifa fuskarsa a jikinta, ya tare idonsa da hannuwa biyu. Mutum mai furfura, da rigarsa ta zuwa aiki. Kunya da tausayi suka kama ni lokaci guda. Ya ɗaga murya ya ce, "In zo?"

Ganyen dawa da yake ta kaɗawa tun zuwanmu ya tsaya cik. Sai na ji. Murya ce siririya, ba daga cikin taragon ba, daga can nesa cikin dawa. Ta ce, "Tukuna."

Ina rubuta wannan ne da sanin cewa akwai gidaje ba nisa, akwai yara masu kiwon awaki, kuma yaran ko'ina suna wasan ɓuya. Tun a wurin na gaya wa kaina haka, har yau ma ina gaya wa kaina. Amma a lokacin na ƙanƙame ƙaramin taragon har ƙofarsa ta yi mini shaida a tafin hannu. Malam Garba ya ce shi kunnensa ya yi nauyi, bai ji komai ba. Duk da haka ya je ya kamo hannun Yaya, leɓunansa suna motsi da addu'a, ya ce, "La'asar ta yi, mu tafi." Yaya ya ɗago, idonsa a bushe. Ya dubi wajen dawar ya ce a hankali, "To, ina jira."

Bai taɓa tambayata ko na ji ba, ni ma ban taɓa gaya masa ba. Abin da na sani shi ne daga ranar ya sauya. Ya koma cin abinci, ya koma coci, ya je Jos ya yi sati biyu da jikokinsa. Ya kwashe murafun kwalbar nan ya zubar. Ya ci gaba da karɓar kwalaye a wurin Chidi, amma yanzu tankokin mai yake haɗawa da taragun gawayi marasa rufi, yana yi musu fenti kore da shuɗi, sababbi fil, yana rabawa maƙwabta. Na ce a raina Yaya ya warke. Ban sani ba ko warkewa ce, ko kuwa natsuwar wanda aka ba amsa.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, a asibitin da ya yi wa aiki. Magana ta ɗauke, amma hannunsa na dama bai daina motsi a kan zanin gado ba, yana ja a hankali daga sama zuwa ƙasa, yadda yake jan tsatsa. Da safen da zai cika ina zaune kusa da shi, ya juyo ya dube ni sosai, ya ce da murya garau, "Saratu." Tunda nake bai taɓa kirana da sunan nan ba. Na ce, "Na'am, Yaya." Ya lumshe ido.

Bayan jana'iza 'yarsa ta ce in ɗauki taragun, ita ba ta da wurin ajiye su. Ina naɗe su a jarida ɗaya-ɗaya, sai na ɗaga ɗaya wajen hasken taga na leƙa ta ƙofarsa. Ashe har ciki yake yi musu fenti, inda ba mai gani. Ga layin katakon daɓe, ga ƙura, ga ɓawon gyaɗa ƙanana kamar ƙwayar gero. A kusurwa ɗaya kuma akwai wani ɗan wuri fes, bai fi ƙwayar wake ba, ƙura ta kewaye shi, kamar inda wani ya zauna ya takure. Babu mutum-mutumi, wurin zaman ne kawai. Na warware waɗanda na riga na naɗe na duba. Kowanne haka yake. Wanda muka je da shi Inkil ne kaɗai ya bambanta: a cikinsa akwai 'yan sawu a kan ƙurar, daga kusurwa zuwa bakin ƙofa. Ban sani ba ko kafin mu je ya yi su, ko bayan mun dawo.

Bara na koma Inkil ni kaɗai. Gonar ta zama fulotai, an kafa harsashin gida inda ɗorawar take, taragon kuma an ce masu sayen tsohon ƙarfe sun yanka shi sun loda. Da Yaya yana nan, ina jin wannan ba zai dame shi ba. Zai ji daɗin zamanin nan ta wani gefen ma, yanzu da ake odar irin kwalayensa ta waya, ake kallon masu fenti na ƙasashe suna nuna gwaninta, ko da yake na san zai ce sun cika tsatsa. Abin da ba zai iya jurewa ba shi ne hotunan yaran da suka ɓata, waɗanda suke shigo mana waya kusan kullum, mu duba mu ce Allah ya bayyana su, mu wuce. Shi ba zai iya wucewa ba. Mu ko hoton Saratu ba mu da shi.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya, ba zan ce taragun ba. Suna nan a kabad, fentin ya fara dusashewa, gam ya fara saki, ni kuma ban iya gyara ba. Abin da ya bar mini wani abu ne da ban roƙa ba: ba na iya wuce macen da ta ɗan girme ni ban dubi fuskarta ba.

Watan jiya ina layin masu busasshen kifi a Muda Lawal, wata mai sayarwa sanye da lafaya, Hausarta da harshen mutanen gabas, ta tsaya da awo ta zuba mini ido. Ta ce, "Baiwar Allah, a ina na san ki?" Na ce ban sani ba. Ta ci gaba da ƙulla mini leda, sai na lura da ƙaramin yatsanta, a lanƙwashe yake ciki, irin na Mama, irin nawa. Na ce daga ina take. Ta ce daga wajen Buni. Na ce can aka haife ta? Ta yi dariya ta ce, "Haka dai aka gaya mini." Masu saye suka turo, wani mai baro ya ce a ba shi hanya, na tsinci kaina a gefe da ledar kifi a hannu.

Da na koma, wata ce a wurin. Maƙwabciyarta ta ce ba kullum take zuwa ba, sai in motar kifi ta shigo ta biyo ta. Na san mutane masu lanƙwasasshen yatsa suna da yawa a duniya. Ubangiji ya ba Yaya Iliya hutawa. An ce motar tana shigowa gobe da safe, kuma zan je.